Idan ƙaramin jirgi ya yi kiran gaggawa, me ke faruwa a hasumiyar ba jirage hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Marwa ne, ina aiki da wata ƙungiyar agaji, kuma ana yawan ɗaukarmu a ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya zuwa Garwa ko Injamena. Abokan aikina suna cewa masu hasumiya manyan jirage kaɗai suka sani, in ƙarami ya shiga matsala sai su bar shi da halinsa. Kai ka daɗe a wannan aiki. Gaskiya ne? Kuma in suka yi kuskure a irin wannan lokaci, sakaci ne ko aiki ne ya yi musu yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. A ƙa'ida dai maganar abokan aikinka ba ta da tushe. Duk jirgin da ya furta Mayday, kalmar kiran gaggawa, sau uku ya shiga gaban kowa, ko mutum biyu ya ɗauko, ko da wanda ke bayansa jirgin shugaban ƙasa ne. Ban taɓa zama da ma'aikacin hasumiyar da zai ji wannan kira ya yi biris ba. Jikin mutum ma ba ya bari, zuciya ce take harbawa tun kafin ka gama jin sunan jirgin.

Amma ba zan ce abokan naka ba su hango komai ba. Akwai matsala, sai dai ba raini ba ne. Hannun ma'aikacin hasumiya ya saba da manyan jirage, masu matuƙa biyu, injina biyu, da na'urar da ke tuƙa kanta. In ƙarami ya shiga uku, sau da yawa irin taimakon da ya saba ba babba shi yake miƙa masa, wannan taimako kuwa kan zame wa matuƙin ƙaramin jirgi ƙarin kaya. Yawancin kurakuran da zan lissafa maka daga nan suke tasowa.

Ka fara sanin wa ke magana da matuƙinku. A Kamaru da Chadi da Nijar, hukumar ASECNA ce ke riƙe da harkar ba jirage hanya. An kafa ta a 1959, hedkwatarta tana Dakar, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ce ke horar da ma'aikatan. Hasumiyar Garwa ko ta Marwa-Salak tana kula da titin jirgi da sararin da ke kewaye da filin. In jirgi ya yi nisa, cibiyar Injamena ce ke karɓarsa, domin sararin arewacin Kamaru a ƙarƙashinta yake. Daga yamma kuma, tsallaken duwatsun Mandara, sararin Kano ne, na Najeriya. Saboda haka tafiyar da kake gani ta awa guda kan bi ta hannun mutum biyu ko uku, kowa yana miƙa wa na gaba ta waya.

Mutane sukan ɗauka yawan aikin hasumiya shi ne yawan jirage. In da haka ne, da ma'aikacin Garwa hutawa yake yi, don jiragen da ke sauka a can a yini ba su kai na awa ɗaya a Faris ba. Nauyin yana cikin yawan wuraren da hankalinka ya rabu. Bari in zaunar da kai a kujerar. A gabanka akwai 'yan falle-fallen takarda jere a allo, kowane jirgi da nasa, kana rubuta tsawon da yake tafiya a kai da lokacin da ya wuce kowane wuri. Hannun dama yana kan makunnin rediyo. A hagu wayoyi ne: ɗaya ta cibiya, ɗaya ta 'yan kwana-kwana, ɗaya ta masu hasashen yanayi, ɗaya ta sojoji, don filin Garwa da na Injamena duk ana raba su da sojan sama. Wani matuƙi yana yi maka Faransanci, na bayansa Ingilishi, kuma na biyun bai fahimci abin da ka ce wa na farkon ba, sai ka maimaita masa. Motar duba titi tana neman izinin shiga. Idonka kuma dole ya riƙa leƙa waje, ko wata dabba ta keto shinge. In lokacin jigilar alhazai ne, ka ƙara da babban jirgi cike da maniyyata wanda ya riga ya makara, ga manya suna bugo waya suna tambayar dalili.

A cikin wannan hali ne murya za ta shigo, sama-sama, tana yankewa: inji ya tsaya.

Abu na farko da ya raba ƙarami da babba shi ne lokaci. Babban jirgi in inji ɗaya ya mutu, yana iya tafiya da ɗayan har ya kai fili. Mai inji ɗaya kuwa saukowa ya fara ke nan, babu komawa. Irin su Cessna 172, in suna ƙafa 6,000 daga ƙasa, abin da za su iya ci bai wuce kilomita 16 ba, cikin kamar minti 8. Caravan, wanda ƙungiyoyin agaji suke yawan amfani da shi, yakan fi haka nisa. Tsakanin Marwa da Garwa kuwa ya haura kilomita 150 a miƙe. Ka ga a yawancin hanyar, zancen kai wa filin jirgi ma bai taso ba, sai dai gona ko hanyar mota ko yashin kogi.

Na biyu, matuƙin sau da yawa shi kaɗai ne. Shi ke riƙe da jirgin, shi ke ƙoƙarin tayar da injin, shi ke neman wurin sauka, shi ke kwantar muku da hankali. Tun daga makaranta an koya masa jeri: ka tuƙa jirgi tukuna, sannan ka san inda ka dosa, magana ce ta ƙarshe. Duk kalmar da hasumiya ta nema daga bakinsa, daga cikin waɗancan minti 8 ake yankarta.

Na uku, da ƙyar muke jinsa. Rediyon jirage ba ya ratsa dutse kuma ba ya bin lanƙwasar ƙasa. Jirgin da ke ƙafa 35,000 ana jinsa daga nisan fiye da kilomita 400. Wanda ke ƙafa 3,000, da ya wuce kilomita 120 ya fara ɓacewa, kuma yana ƙara yin ƙasa muryar tana ƙara dushewa. Wato lokacin da ya fi bukatar a ji shi ne ake daina jinsa. A wurare da yawa kuma babu na'urar rada da za ta nuna shi. An samu ci gaba a 'yan shekarun nan, ana ganin jirage ta tauraron ɗan adam, amma sai jirgin da ke ɗauke da na'urar da ke aika bayanin. In babu, abin da matuƙi ya faɗa da bakinsa shi ne kaɗai abin da kake da shi.

To kuskure na farko, kuma wanda na fi gani wajen horar da matasa, shi ne ruwan tambayoyi. Littafi ya ce a san matsalar, da niyyar matuƙi, da inda yake, da yawan mutanen da ke ciki, da man da ya rage, da ko akwai kaya masu haɗari. Duk gaskiya ne. Sai yaro ya ɗauki jerin nan ya juye wa matuƙi a numfashi ɗaya, don shi ma wayoyi uku suna jiransa, kowa yana son amsa: shugaban aiki yana tambaya, 'yan kwana-kwana suna tambaya, cibiya tana tambaya. Nauyin da ke kansa ne yake saukewa a kan mutumin da ya fi shi shiga matsi, ba tare da ya lura ba. Alhali yawan fasinja da man da aka sha suna rubuce a takardar shirin tafiya, tana nan a ofis a ƙasa, wani zai iya ɗaukowa.

Abin da nake koya musu gajere ne. Ka amsa: "Na ji Mayday ɗinka." Ka ba shi abu ɗaya mai amfani: "Fili mafi kusa yana damanka, kilomita 12, iska daga gabas." In ba ka san inda yake ba, wannan ce tambaya ɗaya da ta cancanci a katse shi dominta, don ita ce za ta kai masu ceto wurin. Daga nan ka yi wa sauran jirage umarnin su yi shiru, kai ma ka yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya. Mutum yana zaune, hannu a kan makunni, daƙiƙa 30 ta wuce ba a ce komai ba, sai ya ji kamar ya yi watsi da amana, ya danna ya ce "kana ji na?" Matuƙin yana ji. Hannunsa ne ba shi da sarari.

Akwai haɗarin da nake so kowane mai wannan aiki ya nazarta. Ranar 9 ga Yuni 2016, a filin jirgin Hobby da ke Houston a Amurka, wata mata ta zo sauka da ƙaramin jirgi ƙirar Cirrus SR20, su uku a ciki. Jirginta lafiya lau, rana tsaka, sama garau. Amma filin cike yake da manyan Boeing 737, sai aka yi ta ɗaga ta ana sauya mata titi don a ba su hanya, ta zo ta fasa sauka, ta sake zuwa ta fasa. A fasawa ta ƙarshe, tana ƙasa-ƙasa, gudunta kaɗan, aka karanto mata dogon umarni. Tana cikin juyawa ta janye fallayen fiffike kafin jirgin ya yi gudun da ya kamata, fiffike ya daina ɗauka, suka faɗo, babu wanda ya fita. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta ɗora tushen abin a kan yadda matuƙiyar ta sarrafa jirgin, amma ta rubuta ƙarara cewa abubuwa biyu daga hasumiya sun taimaka: barin ta tana ta zagaye a cikin cunkoson maimakon a fitar da ita a sake jera ta cikin natsuwa, da kuma umarni mai sarƙaƙiya a lokacin da bai dace ba. Abin lura, ma'aikatan ba su yi mata tsawa ba. Cikin ladabi da son taimako suka yi ta magana. Babu wanda ya tsaya ya ce wannan baiwar Allah ta fara rikicewa, a rage mata.

Mu nan abin da ya fi kama ƙananan jirage hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe sama, wani lokaci ba ka hango abin da ke kilomita ɗaya. Matuƙin da ke tafiya da ido ƙa'idarsa ya riƙa ganin nisan kilomita 5. Yakan tashi ana gani, ya yi nisa ƙura ta haɗiye shi, ƙasa da sama su zama launi ɗaya. A nan kunnen ciki yake yi wa mutum ƙarya, ya ji kamar jirgi a miƙe yake alhali ya karkata. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'urori kaɗai ba, aka toshe musu ganin waje. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178, ko minti 3 bai cika ba.

Irin wannan matuƙi, abin da ya fi cutar da shi shi ne abin da muke yi kullum ba tare da tunani ba: "koma mita kaza", "sa lamba kaza a na'urarka", "juya hagu ka sauko ƙafa 3,000". Kowanne yana sa shi ya ɗauke ido daga agogon da ke nuna masa daidaiton jirgi, ya sunkuya, ya murɗa wani abu. Yana ɗagowa kai ya juya masa. Hatta lambar gaggawa ta 7700, in kana magana da shi kuma ka san ko wane ne, ba dole ba ne ka sa shi ya sauya. Dokokin aikin sun yi gargaɗi a kan wannan: kada a sauya masa mita sai in ba makawa, kada a haɗa masa juyawa da hawa ko sauka, a bar shi ya yi abu ɗaya ya gama. Ni nakan ƙara da cewa a rage saurin magana, a sassauta murya. Matuƙin da ya ji tsoro a muryar hasumiya, nasa ninkuwa yake yi.

Kuskure na gaba ya fi ban tausayi, don mai yin sa yana ganin ceto yake yi. Ranar 16 ga Agusta 2015, injin wani ƙaramin jirgi ƙirar Bonanza ya mutu a saman Long Island kusa da birnin New York. Ma'aikacin ya duba taswirar da ke allonsa, ya ga wani titin jirgi a Bethpage, ya nuna wa matuƙin. Ashe an daɗe da rufe filin, har an yi gine-gine a wurin, ba a dai goge shi daga taswirar ba. Matuƙin ya yi ta nema bai gani ba, ya faɗa kan layin dogo ya rasu, fasinjansa ya tsira. Binciken ya ga laifin matuƙin na jinkirin juyawa tun farko, ya kuma ga laifin bayanin da aka ba shi.

In haka ta faru a Amurka, ka yi tunanin namu filayen daji. Titin jan ƙasa da yake garau a watan Maris, a Agusta laka ce, ko ciyawa ta kai ƙugu, ko an shuka masara a rabinsa. Wani kuma sojoji sun tare shi saboda halin tsaro. Yawancinsu babu fitila, ga shi a nan rana tana faɗuwa duhu yake rufawa. Takarda za ta ce akwai fili, amma takarda ba ta je wurin ba bana. Ma'aikacin kirki zai faɗi abin da ya sani da iyakarsa: "Taswira ta nuna titi a gabanka, ba ni da labarin halin da yake ciki." Zaɓi na matuƙi ne, shi ke ganin ƙasa. Hasumiya ba ta tuƙa jirgi, kuma in matuƙi ya ce ya ga gonar auduga da aka girbe zai sauka a ciki, ba a ja da shi.

Yanzu ka juyo ga sauran jiragen. Mai Mayday yana jan hankali kacokan, har mutum ya manta ya ba wani izinin shiga titi, ko ya bar biyu suna dosar wuri ɗaya a tsawo ɗaya. Ba sai ma gaggawa ba, ƙaramar matsala ta isa. Daren 1 ga Yuli 2002, a saman Überlingen kan iyakar Jamus da Suwizalan, ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da kujera biyu, abokin aikinsa ya je hutawa, ana gyaran na'urori, waya ba ta aiki. Hankalinsa ya tafi kan wani jirgi da ya makara yana son sauka, yana ta fama da wayar. Kafin ya waiwayo, jirgin fasinja na Rasha da na dakon kaya na DHL sun kusanci juna, har suka yi karo. Mutum 71 suka mutu, akasari yara 'yan makaranta. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan mutum ba rago ba ne, tsari ne ya bar shi shi kaɗai.

Shi ya sa nake auna ma'aikaci da abin da ya yi a minti na farko. Gwani ba ya rungume komai. Yana jin kiran zai ɗaga murya ya kira na kusa da shi, ko mutumin yana cin abinci ne. Wayoyi su koma hannun wani. Jiragen da ba su tashi ba su tsaya inda suke, ko wa ke ciki. Na sama a ba su wurin zagaye nesa, ko a miƙa su wata mita. In muryar ƙaramin ta fara ɓacewa, a roƙi wani babban jirgi da ke wucewa can sama ya saurara a mitar gaggawa ta 121.5 ya riƙa isar da saƙo, kuma matuƙa ba sa ƙin wannan. Matashi yakan ji kunyar neman taimako, yana ganin za a ce bai iya ba. Wannan kunya ta fi rashin na'ura haɗari. Inda kuma aka bar mutum ɗaya tilo a hasumiya, babu ma wanda zai kira, laifin na masu tsara aiki ne.

Ga wani abin da zai ba ka mamaki: rashin aiki ma yana kawo kuskure, wataƙila a filaye irin namu ya fi yawan aiki kawowa. Awa uku babu ko jirgi ɗaya, zafin Afrilu ya haura 40, mutum ya sake. A 8 ga Agusta 2009 ƙaramin jirgi ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu a saman kogin Hudson, mutum 9 suka mutu. Ma'aikacin da ke kula da ƙaramin yana kan waya yana hirar da ba ta shafi aiki ba, matuƙin ya maimaita lambar mita ba daidai ba, bai ji ba balle ya gyara masa. Wannan kam sakaci ne, ba na yi masa kwaskwarima.

A wajenmu sakacin yakan fito ta fuskar jinkiri. Ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta ce in minti 30 ya wuce daga lokacin da ya kamata a ji jirgi ko ya iso, an shiga matakin shakka, a sanar da masu ceto. In an ba shi izinin sauka, minti 5 ya wuce bai sauka ba kuma ba a jinsa, an tsallaka zuwa mataki na biyu. Amma da yake ƙananan jirage sun saba ɓacewa daga rediyo, sun saba sauka a daji ba su bugo sun ce sun isa ba, sai ma'aikaci ya ce "ai halinsu ne", ya ƙara jira. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Ranar da ba gaskiyarsa ba, awannin hasken rana ne suka tafi. Ka tuna jirgin Kenya da ya faɗi a Duwala ranar 5 ga Mayu 2007 da mutum 114. Babban jirgi ne, ya faɗi kilomita kaɗan daga titin da ya tashi, amma aka tafi nema can nesa, sai da aka fi kwana guda kafin a gano shi a cikin fadama. To ina ga farin Cessna a dajin Waza ko hamadar arewacin Chadi? Na'urar neman ceto mai aika saƙo a mita 406 tana taimakawa ƙwarai, don tun Fabrairun 2009 taurarin ɗan adam suka daina sauraron tsohuwar ta 121.5. Bayan ita kuwa, jandarmomi da lawanai da makiyayan da suka ji ƙara su ne abin dogaro, kuma ba a tayar da su sai hasumiya ta buga ƙararrawa.

Kada in bar matuƙa su tafi salin-alin. Da yawa ba sa furta kalmar. Sai ka ji "muna da 'yar matsala", ko "muna so mu sauka da wuri in da hali". Wani tsoron rubuta rahoto yake yi, wani kada a ce ya tsorata. Ma'aikacin da ke da jirage biyar zai ji wannan ya sa shi a layi, daga baya fasinja su ce an wulaƙanta su. Ina zaton irin wannan ne ya haifar da maganar abokan aikinka. A Janairun 1990 jirgin Avianca ya faɗi kusa da New York don mai ya ƙare, mutum 73 suka mutu. Matuƙan sun yi ta cewa mai yana ƙarewa, suna neman a ba su fifiko, amma ba su ayyana gaggawa da kalmar da aka sani ba. Duk da haka ban wanke hasumiya ba. Muryar da ta sauya, amsar da ta fara makara, mutumin da ya maimaita umarni ba daidai ba sau biyu, duk alamu ne. Doka ta ba ma'aikaci dama ya ɗauki jirgi a matsayin mai gaggawa ko matuƙin bai ce ba. In ya zamana ba komai, asarar ita ce man motar 'yan kwana-kwana.

To sakaci ne ko yawan aiki? A ganina sakaci tsantsa, irin na mai hira a waya, shi ne kaɗan. Mafi yawa mutum ne mai ƙoƙari wanda abu ya zo masa ba shiri, a kujerar da ya kamata a ce mutum biyu ne, bayan kwanan aiki, yana amfani da bayanin da ba a sabunta ba. Gajiya kuwa ba ƙaramin abu ba ce, har sai da ICAO ta wajabta wa ƙasashe, daga Nuwamban 2020, su ƙayyade awannin aiki da na hutun ma'aikatan. Sannan gaggawar ƙaramin jirgi ba kullum take zuwa ba, mutum zai yi shekaru bai gamu da ita ba, abin da ba a maimaitawa a ɗakin gwaji kuwa tsatsa yake yi. Akwai kuma gibin da na fi damuwa da shi: yawancin masu hasumiya ba su taɓa zama a gaban ƙaramin jirgi ba, ba su san yadda ƙarar inji da zafi da girgiza suke cinye tunani ba. A Mayun 2022 a jihar Florida, matuƙin wani Caravan ya suma, fasinjan da bai taɓa tuƙi ba ya karɓa, ya kuma sauka lafiya a filin Palm Beach. Ma'aikacin da ya yi masa jagora malamin tuƙin jirgi ne, ya san abin da zai faɗa da abin da zai bari. Da ni ake tambaya, da kowane ɗalibi sai ya yi 'yan awanni a kujerar gaba kafin a ba shi lasisi.

Kuma duk maganar da aka yi a rediyo da waya ana naɗe ta, ana ajiyewa aƙalla kwana 30, babu abin da ke ɓoyuwa. Dokar binciken haɗari ta duniya ta ce manufar bincike hana maimaituwa ce, ba neman wanda za a hukunta ba. Inda shugabanni suka mai da kowane rahoto dalilin dakatar da mutum, ma'aikata sukan daina faɗin ƙananan kurakurai, taswirar da ke da fili na ƙarya ta ci gaba da zama a allo.

Kai kuma da kake zama a baya, ɗana, akwai abin da ke hannunka, kuma ya fi yadda kake zato. In kun ga matuƙi ya shiga aiki, ku yi shiru, ku ɗaure bel, kada kowa ya dafa shi yana tambaya. In ya ce ku duba masa fili ko wani jirgi, ku nuna da hannu. Kafin tashi, ku tabbata akwai mutum a ofishinku da ya san lokacin isarku, yana da lambar hasumiya, kuma an gaya masa ya buga da zarar kun makara, kada ya tsaya kawaici. Ku tambayi kamfanin da kuke haya ko jirgin yana da na'urar 406 mai rajista da kuma na'urar bin sawu ta tauraron ɗan adam. Ku ɗauki ruwa fiye da na tafiyar. In kuma matuƙi ya dubi hazo ko hadarin la'asar ya ce yau ba za a tashi ba, kada shugabanku ya matsa masa don akwai taro gobe a Injamena. Ku nemi masauki ku kwana, ko ku bi mota.